Yadda Ake Ceto Fayiloli Idan Kwamfuta Ta Ƙi Tashi, da Yadda Ake Yi Musu Ajiyar Ko-ta-kwana

Cikin watan Afrilu ne, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke hana ko kaza yawo da rana, ƙanwata ta shigo shagona rungume da laftof. Saura mako biyu ta miƙa aikin bincikenta na kammala karatu. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Yaya, aikina duka ya ɓace, ban san mi zan yi ba." Da na bi ba'asi, ashe shekaranjiya da dare tana cikin rubutu aka ɗauke wuta, batirin kuwa ya daɗe da mutuwa, sai kwamfutar ta ɗauke nan take. Da safe ta ƙi tashi. Maimakon ta kira ni, sai ta kai wa wani yaro mai gyara, don kada in yi mata faɗan batirin da na sha ce mata ta canza. Yaro ya duba, ya ce Windows ne ya lalace, ya yi fomat, ya ɗora sabo. Kwamfuta ta tashi garau. Babi huɗu na aikin, da hotunan bikin yayarmu, da takardun makaranta da ta yi wa sikanin, babu ko ɗaya.

Ban ga laifin yaron sosai ba. An ce masa kwamfuta ta ƙi tashi, ya tashe ta. Mai gyara inji yake kallo, abin da ke cikin injin kuwa mai shi kaɗai ya san darajarsa. Don haka duk matakan da zan kawo a kan tsari ɗaya suke tafiya: a fara kwashe kaya, sannan a gyara ɗaki. Idan kuma dole ka kai wa wani, kafin ka ajiye ta a kan teburinsa ka ce masa, "Ina da kaya a ciki, kada a yi fomat sai an fitar min da su." Ka faɗa sau biyu, ka tabbata yaron shagon ma ya ji, don sau da yawa shi ne zai yi aikin.

Mataki na farko: gane irin mutuwar da ta yi

Yawancin kwamfutocin da ake kawo mini a ce sun mutu, suma suka yi. Kunna ta sau ɗaya, ka kasa kunne, ka zuba ido.

Idan babu ko ƙyallin fitila, fanka ma ba ta motsa ba, matsalar wuta ce: caja, ko ramin caja, ko batir, ko babban bod. Zare caja, cire batir in irin mai fita ne, danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, sannan ka mayar da caja kaɗai ka gwada. Ka ari cajar wani mai irin kwamfutarka. Ko ba ta tashi ba, hankalinka ya kwanta, irin wannan ba kasafai yake taɓa fayiloli ba.

Idan fitila ta kama, fanka na juyawa, amma allo baƙi ƙirin, jona ta da talabijin ta wayar HDMI. In hoto ya fito a talabijin, allon ne ya lalace. In bai fito ba, sau da yawa RAM, wato ɗan siririn katin ƙwaƙwalwar aiki da ke soke a cikinta, shi ne ya sassauta ko ƙurar hunturu ta shige masa; a cire shi, a goge, a mayar. Wannan ma bai shafi kayanka ba.

Idan tambarin kamfani ya fito, sai ɗigo-ɗigon nan su yi ta zagaye ba ƙarewa, ko shuɗin allo ya bayyana da rubutu, ɗauki hotonsa da waya kafin ya ɓace. A ƙasa akwai sunan matsalar, irin su CRITICAL_PROCESS_DIED ko INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Mai gyara na ƙwarai zai so ganin wannan hoton.

Bayan waɗannan uku, hali na huɗu shi ne mai haɗari. Kwamfuta ta rubuta No bootable device ko Boot device not found, ko ka ji wani ƙas-ƙas-ƙas yana maimaita kansa daga cikinta kamar agogon bango. Kashe ta nan take. Sau da yawa ma'ajiyar ce da kanta, wato inda fayilolinka ke zaune, ke ciwo.

A nan ya kamata ka san irin ma'ajiyar da ke cikin kwamfutarka, domin iri biyu ce. Akwai had-dis, wanda ke da faifai a ciki yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata 'yar allura mai shawagi a samansa ba tare da ta taɓa shi ba. Shi ne a yawancin tsofaffin HP da Dell na hannu da muke saye. Idan ya sha faɗuwa ko ya tsufa, allurar na iya fara gogar faifan, kuma duk kunnawar da ka ƙara, ƙarin karta ne a kan wurin da fayilolinka suke. Mutumin da ya yi ta kashewa yana kunnawa sau 20 yana fatan a dace, garin gyaran gira yake rasa ido. Sai kuma SSD, wanda ba abin da ke motsi a cikinsa. Ya fi sauri, ya fi jure bugu, amma ba ya ƙara kafin ya mutu, kuma abin da aka goge a kansa ya fi wuyar dawowa.

Idan ba ka ji ƙas-ƙas ba, kana iya gwada lafiyar ma'ajiyar ba tare da Windows ba. A HP, da ka kunna ka yi ta danna Esc, sannan F2, ka zaɓi gwajin ma'ajiya, gajeren. A Dell F12 ne, sai ka zaɓi Diagnostics. In ta faɗi gwajin, kada ka maimaita, ka wuce kai tsaye zuwa kwashe kaya.

Mataki na biyu: kwashe kaya

Tanadi filashi ko had-dis na waje, wanda 'yan kasuwa ke kira estanal, mai isasshen fili. Tanadi wuta kuma. Kada ka fara wannan aiki da batir mai rabin rai kana dogaro da wutar layi. Je gidan mai sola ko inbata, ko ka tada janareta mai cikakken mai. Hanyoyi uku ne, daga mai sauƙi zuwa mai buƙatar sukurdireba.

Ta farko ba ta buƙatar sayen komai. Kunna kwamfutar, da zarar tambarin Windows ya fito ka danne maɓallin kunnawa har ta mutu. Yi haka sau biyu ko uku, za ta shiga shafin gyara da kanta. Zaɓi Advanced options, sai Troubleshoot, sai Advanced options kuma, sai Command Prompt. Baƙin akwati zai buɗe. Soka filashinka, rubuta notepad, danna Enter. A cikin Notepad je File, sai Open. Wannan 'yar tagar da ta buɗe ita ce ƙofar baya: a ƙasanta ka canza nau'in fayil zuwa All Files, sai ka shiga This PC, za ka ga ma'ajiyarka da filashinka. Nemi foldar Users, cikinta akwai folda mai sunanka, cikinta kuma Desktop, Documents, Downloads da Pictures. Danna dama a kan wadda kake so, Copy, koma filashi, Paste. Abu biyu kan rikita mutane a nan. Ma'ajiyar da ka saba gani da harafin C tana iya fitowa da D ko E, sai ka leƙa kowacce. Sannan ba za ka ga layin da ke nuna ci gaban kwafi ba, kwamfutar za ta yi tsit kamar ta daskare. Ba ta daskare ba, ka dubi fitilar filashin tana ƙyaftawa, ka ba ta lokaci.

Ta biyu ita ce wadda na fi amfani da ita a shago. Ana ɗora Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta irin Windows, a kan filashi, a tada kwamfutar daga filashin, ba tare da an taɓa Windows ɗin da ke ciki ba. A wata kwamfuta mai lafiya ka sauke Ubuntu ko Linux Mint (duk nau'in Linux ne), da wata 'yar manhaja kyauta mai suna Rufus, wadda za ta ɗora shi a kan filashin. Filashi mai 8GB zai isa, amma Rufus zai share duk abin da ke kansa, don haka ya zama wanda babu komai, kuma daban da wanda za ka zuba kayanka. Fayil ɗin na da nauyi, gigabait da dama, ka bari sai datar dare. Soka filashin a mara lafiyar, kunna, ka yi ta danna F9 in HP ce, F12 in Dell ko Lenovo ce, ka zaɓi filashin. Idan Ubuntu ya tambaye ka, zaɓi Try Ubuntu. Kada hannunka ya kai ga Install, wannan shi ne fomat da wani suna. Daga nan ka buɗe ma'ajiyar kamar yadda ka saba, ka kwashe. Wani lokaci zai ƙi barinka ka rubuta komai a kanta, karantawa kawai. Hakan ma ya fi, kwafi muka zo yi.

Ta uku ita ce ta kwamfutar da ba ta kawo wuta sam. A kwance bayanta a ciro ma'ajiyar, a sa ta cikin ɗan gida mai wayar USB da ake sayarwa a shagunan kayan kwamfuta, a jona da wata kwamfutar, ta zama kamar estanal. Tafi da ma'ajiyar wurin saye, domin gidan had-dis mai faɗin tafin hannu daban yake da na siririn SSD ɗin nan mai kama da cingam, wanda ake kira M.2. Idan Windows ya ce ba ka da izinin shiga foldar, danna Continue. Wasu ƙananan laftof masu arha ma'ajiyarsu a like take da bod, ba ta ciruwa, su sai hanya ta farko ko ta biyu.

Ko ta wace hanya ka bi, fara da abin da ya fi tsada a wurinka. Ma'ajiya mara lafiya tana iya ba ka minti 20 ta mutu gaba ɗaya, kada ka ƙarar da su wajen kwafin fina-finan da masu turi a kasuwa za su sake zuba maka gobe. Takardu da farko, sai hotunan iyali, sai sauran. Kada ka manta Downloads, mutane da yawa rabin rayuwarsu a can take ba su sani ba. Mai shagon buga takardu ya tuna fayilolinsa na CorelDRAW, ɗalibi ya tuna na SPSS, mai kanti ya tambayi inda manhajar lissafinsa ke ajiye bayanai, don ba lallai a Documents ba ne.

Idan ka jona ma'ajiya ko filashi sai saƙo ya fito cewa You need to format the disk, danna Cancel. Kullum Cancel. Abin da yake nufi shi ne Windows ya kasa karanta jadawalin, ba wai kayan sun tafi ba.

Akwai wani shinge da ya fara yawa a sababbin kwamfutoci: BitLocker. Windows 11 kan kulle ma'ajiya da kansa idan an shiga da asusun Microsoft, kuma duk hanyoyin nan uku za su tsaya a bakin ƙofa sai ka kawo mabuɗi mai lamba 48. Mabuɗin na cikin asusun da aka fara saita kwamfutar da shi, a account.microsoft.com/devices/recoverykey. Matsalarmu a nan ita ce sau da yawa ba mai kwamfutar ne ya saita ta ba, yaron shagon da ya sayar ne, ko wani ɗan'uwa da ya koma Legas. Ba tare da lambar nan ba, babu injiniyan da zai buɗe ta. Mai karanta wannan da kwamfutarsa lafiya, ya je ya duba yau, ya rubuta lambar a takarda.

Idan kwafi na tafiya kamar hawainiya, yana tsayawa yana kawo kuskure, ko had-dis na ƙara, dakata. Kada ka gudanar da chkdsk, umarnin Windows na duba ma'ajiya da gyara ta, a kan ma'ajiya mai ciwo, ko da wani a intanet ya ce shi ne magani; yana tilasta mata aiki mai nauyi, kuma yana iya yanke abin da ake son cetowa. Abin da gwani zai yi shi ne ya ɗauki hoton ma'ajiyar baki ɗaya zuwa wata lafiyayya da manhaja irin ddrescue, wadda ke fara kwashe wuraren da ke karantuwa ta bar masu wuya sai ƙarshe, sannan a yi bincike a kan kwafin. Kada ka sa had-dis a firji, kada ka buga shi, kada ka bari a buɗe murfinsa a shago. Tazarar da ke tsakanin allura da faifai ta fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba, mu kuwa ƙura ba ma sayenta. Mai ƙas-ƙas sai kamfanonin da ke da ɗaki na musamman, a manyan birane, kuma kuɗinsu kan fi na sabuwar laftof. A nan mutum zai zauna ya yi lissafin ko kayan sun kai.

Idan an riga an goge ko an yi fomat

Wannan shi ne halin da ƙanwata ta zo da shi, kuma ba ihu bayan hari ba ne tukuna. Ka ɗauki had-dis kamar siton shinkafa da littafin lissafinsa. Gogewa ko fomat na gaggawa yage shafin littafin ne kawai, a rubuta cewa wurin fili ne. Buhunan na nan jibge har ranar da sabuwar mota za ta zo a sauke kaya a gurbinsu. Duk abin da ka yi da kwamfutar bayan nan, ko buɗe intanet ne, sabuwar mota ce. Abin da ya taimaki ƙanwata shi ne kuka ya hana ta amfani da ita bayan fomat ɗin.

Don haka a kashe ta. Kafin komai, in an sake ɗora Windows, a leƙa C a ga ko akwai folda mai suna Windows.old. Idan mai gyaran bai yi fomat ba, ɗorawa kawai ya yi a kan tsohon, kayanka na cikinta a ƙarƙashin Users. Yi sauri, Windows kan share ta da kansa, a wasu lokutan bayan kwana 10 kacal.

In babu, ciro ma'ajiyar ka jona ta da wata kwamfutar kamar yadda na bayyana. A waccan kwamfutar za a ɗora manhajar ceto, ba a kan mara lafiyar ba, kuma abin da aka ceto a wata ma'ajiyar daban za a zuba shi. Wanda ya zuba a wuri ɗaya yana taka abin da yake nema da ƙafarsa. Recuva kyauta ce kuma mai sauƙi: zaɓi ma'ajiyar, kunna Deep Scan, jira. Za ta jero fayiloli da ɗigo kore, ruwan lemo ko ja. Koren ne mai cikakken fata. Idan ba ta samo ba, sai PhotoRec, ita ma kyauta. Sunanta na hoto ne amma tana tono takardun Word, PDF, bidiyo da sauransu, domin ba ta kula da littafin lissafi, buhu-buhu take bi tana shinshinawa. Aibinta shi ne ba ta dawo da sunaye. Za ka samu dubban fayiloli masu suna kamar f1234567, a foldoji masu suna recup_dir. Mun kwana biyu ni da ƙanwata muna buɗe takardun Word ɗaya bayan ɗaya. Dabarar da ta rage mana wahala ita ce jera su bisa girma, don babin bincike ya fi wasiƙar neman aiki nauyi.

Mun samu babi uku cif, da mafi yawan hotunan biki. Na huɗu sabon Windows ya hau kansa. Da SSD ne a kwamfutar, da wuya mu samu ko ɗaya, domin shi akwai wani tsari mai suna TRIM da ke share gurbin da gaske jim kaɗan bayan an goge.

Babi na huɗun a ina ya fito? A jakarta. Malamin da ke duba aikin ya yi mata gyara da jan biro a kan bugaggen kwafi, sai ta zauna ta sake bugawa. Kafin ka yanke ƙauna, zauna ka tuna duk inda fayil ɗin ya taɓa zuwa: WhatsApp ɗin wanda ka tura wa, akwatin saƙonnin da ka aika a Gmail, kwamfutar shagon da ka je bugawa, tsohon filashi a aljihun wata riga. Idan kuma takarda ce kake cikin rubutawa wuta ta ɗauke, buɗe Word, File, Info, Manage Document, Recover Unsaved Documents. Word kan yi ajiyar kansa duk minti 10.

Wani abin da ke kama da asara alhali ba ita ba ce: ka kai filashi shagon bugawa, ka dawo ka tarar foldojinka sun koma gajerun alamomi masu 'yar kibiya. Bairos ne ya ɓoye su. Kada ka danna alamomin. Buɗe Command Prompt, in filashin harafin E yake ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* ka danna Enter, za su fito. Kwashe su, sannan ka yi wa filashin fomat. Wanda ya fi wannan muni shi ne bairos mai garkuwa da fayiloli: sunayensu su canza, su ƙi buɗuwa, ka ga takarda mai suna _readme.txt ana neman kuɗin fansa. Mafi yawan waɗanda na gani daga manhajojin sata da aka fasa suka ɗauko shi. Cire intanet, zare duk wani filashi, kada ka biya.

Mataki na uku: yanzu a gyara ɗaki

Kaya sun fita, ka buɗe wasu a wata kwamfuta ka tabbatar suna aiki. Sauran mai sauƙi ne. A shafin gyaran nan na Advanced options gwada Startup Repair. In bai yi ba, Uninstall Updates, musamman in matsalar ta biyo bayan sabuntawa. Sai System Restore. In duk sun ƙi, Reset this PC tare da Keep my files, ko sabon Windows gaba ɗaya. Da ta tashi, ɗora CrystalDiskInfo ka ga abin da zai ce game da ma'ajiyar. Good, ci gaba. Caution ko Bad, canza ta, kada ka yi ciniki da ita. Sa SSD, tsohuwar kwamfuta za ta koma kamar yarinya. Ka tuna kuma Microsoft ya daina tallafin Windows 10 na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025.

Batir ma a canza. Laftof mara batir ba ta da bambanci da kwamfutar tebur mara UPS, duk ɗauke wuta ko sauyi zuwa janareta mari ne a fuskar ma'ajiya. A daina ɗora ta kan katifa ko darduma a watannin bazara, ramukan shan iskarta a ƙasa suke.

Mataki na huɗu: ajiyar ko-ta-kwana

Masu harkar suna da ƙa'ida da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a nesa da gida. Ni ga yadda nake fassara ta ga mutanenmu: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a estanal, ɗaya a intanet.

Bari in fara da abin da ba ajiya ba ne, don a nan aka fi ruɗuwa. Raba had-dis gida biyu, C da D, a zuba kaya a D, yana ceton mutum daga fomat ɗin C kawai. Faifai ɗaya ne. In ya mutu, tare za su tafi. Estanal da ke kwana cikin jaka ɗaya da laftof, ɓarawo ɗaya ne zai ɗauke su. Wanda kuma ya kwashe hotuna zuwa estanal ya goge na kwamfuta don samun fili, ƙaura ya yi musu, har yanzu kwafi ɗaya gare shi.

Fara da tara abin da ba ya sayuwa a folda guda. Za ka yi mamakin ƙanƙantarsa. Takardun aiki, rubuce-rubuce, lissafin kasuwanci, hotunan iyali, da sikanin takardun da ke cikin akwatin ƙarfe: ta haihuwa, sakamakon WAEC da NECO, takardar NIN, shaidar ƙaramar hukuma, takardun fili da na gona. Wanda ya ga ambaliyar 2020 a Kebbi ya san ruwa ba ya tambayar wace takarda ce mai muhimmanci.

Sai estanal. Jona shi, buɗe Control Panel, System and Security, File History, Turn on. Muddin yana jone, Windows zai riƙa kwafin Desktop, Documents, Pictures da makamantansu duk awa, yana kuma ajiye tsofaffin zubi, ta yadda in ka ɓata takarda yau za ka iya komawa ta makon jiya. Amma kada ka bar shi jone dare da rana, wutar da ta ƙona kwamfuta ko bairos mai garkuwa za su haɗa da shi. Ware rana guda. Ni Alhamis da yamma nake yi kafin in rufe shago, in zare shi in tafi da shi gida. In da hali a yi biyu, ɗaya ya zauna gidan iyaye ko wurin ɗan'uwa a Jega ko Argungu, a riƙa musanya su in an je gaisuwa.

Filashi na jigila ne, ba na ajiya ba. Yana ɓata, yana shiga wanki, ga jabu sun cika kasuwa: a rubuta 64GB alhali cikinsa bai kai kwata ba, ya yi ta karɓar kaya yana haɗiyewa, sai ranar buƙata ka tarar ba sa buɗuwa. Duk sabon filashi a gwada shi da manhajar H2testw tun babu komai a kansa.

Sai intanet. Duk mai Gmail yana da 15GB kyauta a Google Drive, amma tare da saƙonninsa da Google Photos suke rabawa, kuma ajiyar WhatsApp ta wayar Android ma yanzu a ciki ake lissafa ta. OneDrive na ba da 5GB. Ga takardu wannan ya isa har ya yi yawa. Bidiyon biki ne ke cinye fili da data, su a bar su a estanal biyu. Turin farko ne mai nauyi, a yi shi da datar dare, bayan nan abin da ya canza kawai ke hawa. A kula da abu ɗaya: foldar da ke daidaita kanta da intanet madubi ce, in ka goge a nan ta goge a can. Kwandon shararsu na riƙe abu kwana 30 ne kawai.

Kada kuma a ce tunda akwai intanet an huta da estanal. 'Yan'uwanmu na Gusau da Kaura Namoda ba su manta Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara makonni a jere. Wanda takardunsa ke Drive kaɗai, yana da su kuma ba shi da su.

Asusun kansa yana buƙatar tsaro. Sau nawa ake zuwa mini da Gmail da wani mai shagon waya ya buɗe, ba a san kalmar sirri ba, layin da aka yi rajista da shi kuma ya daɗe da ɓata har kamfani ya ba wani? Canza kalmar sirri, sa layin da kake amfani da shi yanzu, kunna tabbaci mai hawa biyu, sauke lambobin ko-ta-kwana guda 10 da Google ke bayarwa. Rubuta su a takarda tare da lambar BitLocker, a ajiye inda ake ajiye takardun gida, kuma mutum ɗaya amintacce ya san wurin, rai ba a hannunmu yake ba. Ka riƙa leƙa asusun, domin Google na iya share wanda aka bari shekara biyu ba a taɓa ba.

Duk wata, ɗauki estanal ka jona a wata kwamfutar, buɗe fayil uku ko huɗu ka gani da idonka. Shiga Drive ta waya ka duba ranar da abu na ƙarshe ya hau. Na taɓa tarar da nawa ya tsaya wata biyu saboda fili ya cika, ni kuwa ina ta yi wa mutane wa'azi.

Ga mai dogon rubutu, kada ya riƙa danne fayil ɗaya kullum. Duk ranar da ka yi aiki mai yawa, ajiye sabon kwafi da kwanan wata a sunan, shekara a gaba, kamar babi4_2025-04-17, sai su jeru da kansu, ka tura wa kanka ta Gmail, wanda ke ɗaukar har 25MB. Ƙanwata ta ɗauki rabin shawarar. Har ta gama, duk dare sai ta turo mini aikin ta WhatsApp, amma kwanan wata ya gagare ta. Na ƙarshen da ke wayata sunansa "babi na hudu gyararre na karshe na gaske 3".